Saura Ƙasa

Ranar Laraba ce, a ƙarshen damina, an fara yankan gero. Malam Salihu ya riƙe sa'o'inta ɗaya bayan ɗaya, domin ita ce ta ƙarshe da gidansa na Ƙanƙara ya wuni yadda ya saba.

Ƙarfe shida da rabi yana shan koko a tsakar gida, yana jin ɗansa Mas'udu yana kankare katako a ɗakin da ke jikin zaure. Ƙarfe bakwai matarsa Hajaratu ta ɗauki ruwan wanke-wanke ta zagaya bayan ɗakin ta zubar, kamar kullum. Bakwai da rabi ya rataya jakarsa zai tafi makarantar sakandaren da yake koyar da fizis, ya leƙa ɗakin. Mas'udu yana zaune a tabarma, jitar da yake haɗawa tana kwance a cinyarsa, ya jona ta da lasifika. Wani ƙugi yana fita daga lasifikar, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu.

"Baba, ka ji ta? Tun jiya take mani wannan gunaguni."

"Ka gano inda yake?"

"Na gano. Waya ɗaya ce ta rage, dalmar da nake liƙi da ita kuma ta ƙare. In ka biyo ta kasuwa ka riƙo mani."

Malam Salihu ya ce to. Daga takwas zuwa ɗaya da rabi yana aji. Ƙarfe biyu ya dawo gida ta bayan asibiti, bai bi ta kasuwa ba, bai kuma tuna ba sai da ya ga ɗansa yana duban hannunsa.

"Ba komai, Baba, gobe ma rana ce," in ji Mas'udu. Ya yago ɗan salatif na takarda, ya yi rubutu a kai, ya manna a bayan jitar, ya rataye ta.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci hadari ya taso daga gabas, ruwan da kowa ya ɗauka ya riga ya ɗauke. Akwai katakai uku da Mas'udu ya shanya a kan katanga. Uwarsa ta ce ya bari ƙanwarsa Sumayya ta kwaso, kafin ta rufe baki ya fita. Ya dawo sharkaf yana dariya. Ƙarfe shida da kwata suka yi magariba tare a zaure, Mas'udu yana lulluɓe da bargo. Ya ci tuwo kaɗan. Washegari da safe ciwonsa ya tashi daga ƙugu ya hau ƙirji, aka kai shi asibiti. Ranar Lahadi da hantsi ya rasu, yana da shekara ashirin da shida.

Da sikila aka haife shi. Malam Salihu ya yi digirinsa a Zariya, yana iya zana wa ɗalibai yadda ake gadon ciwon a kan allo, amma lokacin da ya auri Hajaratu ba a gwajin jini a garinsu, shi ma bai nema ba. Mas'udu ne ɗan fari, don haka uwarsa ba ta kama sunansa. Tun da ya kwance rediyon gidan yana ɗan shekara tara ya mayar da ita tana magana, take kiransa Injiniya.

Bai yi gona ba, bai yi ƙwallo ba. Ya fara karatun lantarki a Katsina, ciwo ya maido shi gida a shekara ta biyu. A wani dogon kwanciya da ya yi a asibiti ne ya ga wani mutum a waya yana sassaƙa jita daga tsohon teburi, ya yi ta maimaita kallon har cajin ya ƙare. Jitarsa ta farko da marfin akwati ya yi ta, tsirkiyoyinta kuwa wayar birkin keke ce. Ba ta da daɗin ji ko kaɗan, amma ta yi sauti a lasifika, wannan ya ishe shi.

Daga nan ya shiga aikin sosai. Maganaɗisu yakan ciro daga matattun lasifikoki. Siririyar wayar tagulla, mai kaurin gashi, yakan naɗe ta a jikin maganaɗisun da keken ɗinkin uwarsa, yana ƙirga zagaye har dubu bakwai, in ta tsinke a dubu shida ya warware ya sake. Wannan naɗin shi ne kunnen jitar, shi ke jin rawar tsirkiya ya kai wa lasifika. Ranar naɗi ba a yi masa magana. Hajaratu takan ce keken ya fi yi wa Injiniya ɗinki a kan yadda yake yi mata.

Shi kansa bai iya kiɗa sosai ba, yatsunsa sukan kumbura. Abin da yake so shi ne ya ji sauti ya fito wasai. A cikin shekara shida ya haɗa jita shida. Ba ya sayarwa. Maƙwabta wasu suna cewa ɗan Malam ya koma makaɗi, wasu suna kawo masa fitilunsu da rediyonsu ya gyara, galibi kuma mutanen ɗaya ne. Malam Salihu bai taɓa hana shi ba, bai kuma taɓa zama ya saurara ba. Taimakonsa ɗaya ne. Da ƙugi ya dami jita ta biyu, ya ce masa gidan ba shi da wayar ƙasa, suka kafa wani dogon ƙarfe a bayan ɗakin, ƙarƙashin indararo, suka ja waya daga jikinsa zuwa lasifikar, domin wutar da ta ɓace hanya ta samu inda za ta nutse.

Jita ta bakwai ta Ɗanhausa ce, wani manomi daga ƙauyen da ke bayan Faskari, wanda yake kaɗa jita a cocinsu. Ya fara zuwa ne da tsohuwar jitar cocin a buhu, wuyanta ya karye, Mas'udu ya ɗora. Daga baya ya kawo ƙyauren maɗaci na ɗakin kakansa da ya rushe, ya ce a fitar masa da tasa ta kansa kafin Kirsimeti. In ya zo yakan zauna a bakin ƙofa ya kaɗa duk wadda aka miƙa masa, Mas'udu yana kwance ido rufe yana cewa, "Sake tsirkiya ta ukun nan, arnen banza, tana ƙarya."

"Kunnenka ne ke ƙarya, Malam likitan katako," in ji Ɗanhausa, amma sai ya sake.

Ranar sadakar uku, Gwaggo Mairo, yayar Malam Salihu da ta zo daga Sabuwa, ta sa Sumayya ta buɗe ɗakin a share. Ta ga takarda manne a bayan jitar da ke rataye, ta ce a karanta mata. Sumayya ta karanta.

"Saura ƙasa."

Gwaggo Mairo ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta fito tsakar gida, inda mata suke zazzaune, ta ce, "Ashe yaron nan ya sani! Ku ji abin da ya rubuta da hannunsa. Ya gama komai nashi, ƙasa kawai yake jira."

Kuka ya sake tashi sabo. Kafin sadakar bakwai maganar ta kai Faskari ta kai Sabuwa. Masu ta'aziyya suna riƙe hannun Malam Salihu suna cewa Allah ya nuna wa ɗansa lokacinsa, irin wannan sai bayin Allah na gari. Waɗanda suka kira shi makaɗi ma sun faɗi haka. Gwaggo Mairo ta yanke cewa jitar nan wasiyya ce, ba za ta bar gidan ba, ba kuma za a taɓa takardar ba.

Malam Salihu ya san ma'anar rubutun tun da ya ji shi. Akwai 'yar wayar da ake ɗaukowa daga ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa, a liƙa ta da dalma a inda sauran wayoyin ƙasa suka haɗu. Ita ce masu aikin lantarki suke ce wa ƙasa. In babu ita, jita ba ta daina ƙugi. Ita ce ta rage, ita kuma dalmar da ya manta take jira. Shekara talatin yana gyara wa ɗalibai kuskure da jan biro, bai taɓa barin ko ɗigo ya wuce ba. Sau biyu ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya hangi Hajaratu a ƙofar ɗakinta, mata suna maimaita mata kalmomin tana gyaɗa kai, ya fasa. Yana ganin da wannan maganar take iya tashi da safe. In ya gama jitar ya bayar, ya karɓe mata ita. In ya bar ta a rataye, aikin ɗansa na ƙarshe zai zauna da ƙugi a cikinsa, kuma shi ne sanadi.

Ya sayi dalmar ranar da ya koma makaranta. Ta yi sati biyar a aljihun jakarsa.

Bayan arba'in Ɗanhausa ya sake zuwa gaisuwa, da matarsa Lidiya da kwalbar zuma. Ya durƙusa a zaure, suka gaisa, ya yi ta juya hularsa. Bai tambayi jitar ba. Da zai tafi ya ce, "Baba Malam, na ji abin da aka ce ya rubuta. Ku riƙe ta, wallahi ban zo don ita ba."

"Ka dawo ranar Asabar ta sama," in ji Malam Salihu.

Ranar Asabar ɗin da safe, bayan Sumayya ta tafi islamiyya, ya shiga ɗakin ya tura ƙofa. Ya sauko da jitar, ya kwance murfin bayanta. Wayar tana nan, baƙa, an fere bakinta, an lanƙwasa ta daidai inda za ta zauna. Ya jona ƙarfen narka dalma ya jira ya yi zafi. Sai a karo na uku ɗigon ya kama. Aikin duka bai kai minti biyar ba. Ya zauna yana duban agogo, yana lissafin cewa daga makaranta zuwa kasuwa ma minti biyar ne.

Ya kunna lasifikar. Ƙugin ya ragu, amma bai tafi ba. Ya duba liƙin, ya auna da mitar gwajin wuta, komai daidai. Ya kashe ya kunna. Yana nan. Ya cire tabarau ya ajiye, ya rasa abin da zai sake dubawa.

"Ba daga nan ba ne, Malam."

Hajaratu ce a bakin ƙofa, da bokiti a hannunta. Bai san tun yaushe take tsaye ba.

"Ƙarfen baya ne. Tun ranar da aka kai Injiniya asibiti ban ba ƙarfen ruwa ba. Ƙasar wurin ta bushe ƙamas."

Ta zagaya. Ya ji zubar ruwan ta bayan bango, bokiti ɗaya, sannan ta koma rijiya ta ƙaro na biyu. Yana zaune, ƙugin ya yi ta janyewa har ya zama sai ya kasa kunne yake jin alamarsa. Ya sa yatsa ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito shi kaɗai, ya daɗe kafin ya mutu.

Da ta dawo ya ce, "Ashe ba zubar da ruwan kike yi ba."

"Shekara biyar ina shayar da ƙarfen nan. Injiniya ya ce in ƙasa ba ta da laima, wuta ba ta shiga."

"To kin san abin da ya rubuta ke nan."

"Mi zai hana in sani? Sau nawa na ji shi yana cewa saura ƙasa, saura ƙasa, in ya kusa gama ɗaya?" Ta ajiye bokitin. "Yana raye suna ce mashi makaɗi. Yanzu suna ce mashi bawan Allah. Na gaji, Malam, ban da ƙarfin gyara masu. Na ɗauka ma kai ne maganar take yi wa amfani, shi ya sa na bar ta."

Ya ce, "Ni na manta dalmar ranar Laraba."

"Ni kuma ban riƙe shi ba da ruwan ya sauko," in ji ta. Ta miƙo hannu. Ya ɓamɓare takardar a hankali don kada ta yage, ya ba ta.

Ɗanhausa ya zo bayan azahar. Malam Salihu ya ce ya gwada ta kafin ya tafi, ya zauna a tabarmar ɗansa ya saurara har ƙarshe, karo na farko. Da aka zo tsirkiya ta uku Ɗanhausa ya tsaya, ya ɗan murɗa ta, ya goge fuska da hannun riga, ya ci gaba. Ya naɗe ta a zanen Lidiya ya ɗaure a bayan babur.

Tufafin Mas'udu an raba wa 'yan uwa a Sabuwa. Magungunan da suka rage Malam Salihu ya mayar asibiti. Mita da ƙarfen narka dalma da sauran wayar tagulla ya kai ɗakin gwaji na makarantarsu. Jita huɗu Ɗanhausa ya samo masu kaɗa su, ɗaya Sumayya ta ce a bar mata, ta marfin akwatin kuma tana rataye inda take. Keken ɗinki ya koma ɗakin Hajaratu, takardar tana manne a cikin murfinsa. Da Gwaggo Mairo ta tambaya a waya, aka ce mata wasiyyar tana wurin uwarsa. Ƙarfen bayan ɗaki ba a tone shi ba.