Shafin Da Ban Shiga Ba

Shagona a Sabo, unguwar Hausawa ta Badun, ɗan ɗaki ne da ba ya cin mutum uku a zaune. Shekara da shekaru a nan nake buga wa mutane takardu: katin ɗaurin aure, sanarwar rasuwa, wasiƙar 'yan goro zuwa ga shugabannin tasha a Ojoo, jadawalin karatun malamai. Yanzu kowa da wayarsa a hannu. Sai in wuni ba wanda ya leƙo sai mai shayi, ya ce, "Malam, kana nan dai?" Ina nan mana, ina zan je?

Maiɗakina ta rasu, 'yarmu tilo kuma tana aure a Kano. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Mukan yi waya, amma ni ban iya hira a waya ba. Gaisuwa, ya yara, ya maigidan, shi ke nan na ƙare. Bakina nauyi gare shi, a yatsuna maganata take.

Wata Laraba ta kira ni da murna. Wai an fito da sabuwar manhajar rubutu, wadda mutum biyu za su shiga shafi ɗaya, ɗaya a Kano ɗaya a Badun, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke bugawa. "Baba, mu rubuta labarin Innata saboda yaran nan, ba su san ta ba. Ka sa ta a kwamfutarka, ranar Lahadi bayan la'asar sai mu haɗu a ciki." Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Har share shagon na yi, sai ka ce baƙuwar da ƙafa za ta zo.

Da na tashi sa manhajar, sai ta jero min sharuɗɗa layi huɗu. Tabɗi, manhaja da sharuɗɗa kamar mai ba da hayar ɗaki! Layi ɗaya kaɗai na gane, wanda ke neman fili a cikin kwamfuta. Sauran lambobi ne da haruffa, na tsallake su. Girman kai ya hana ni tambaya. Ni da na koya wa rabin unguwar nan riƙe linzamin kwamfuta, in je a koya min?

Na zauna na hau goge-goge. Ni kuwa ban taɓa jefar da aikin kowa ba, don mutanenmu sukan dawo bayan shekaru su ce a ciro musu katin auren babban ɗa, a canja suna a yi wa ƙaninsa. Auren Sabo da mutuwar Sabo duk suna cikin injin nan, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na iso kan sanarwar addu'ar arba'in ta maiɗakina, hannuna ya tsaya. Na ce ai ga wanda ya fi wannan za mu rubuta ni da 'yarta. Na goge, na kuma zubar da kwandon sharar.

Fili ya samu, manhaja ta ce ina!

Ranar Asabar na ɗauki injin a cinya, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Mokola wajen wani Bayerabe mai gyara. Ya buɗe, ya dube ni, ya dubi injin. "E pele, Alhaji," ya ce, wato sannu da Yarbanci, sannan ya juya Hausarsa ta kasuwa. "Ba fili ba ne. Ƙwaƙwalwa ya tsufa, ba a canja shi. Ko ka share komai ba zai hau." Na tambaye shi ko abin da na goge zai dawo. Ya yi 'yan dabarunsa, ya ciro wasu tarkace da ba sa buɗuwa, ya girgiza kai.

Lahadi bayan la'asar ina zaune gaban allon, waya ta yi ƙara.

"Baba, na shiga, ina jiranka. Ban ga alamarka ba."

Na so in ce sabis ne babu kyau, amma ban saba yi mata ƙarya ba. Na ce, "Uwata, injin ya ƙi. Ya tsufa." Abin da na goge kuwa ban faɗa mata ba, kunya ta hana ni.

Ta ce, "To ba komai, Baba. Ka riƙa faɗa min, ni in buga."

Na ji ƙarar madannanta ta cikin wayar, tana gyara zama. Kewar uwar da ta 'yar suka taso min lokaci guda. Na ce, "Rubuta: ba ta taɓa cin abinci ba sai na dawo daga shago."

Ta buga. Na ji ta tsaya tana jiran jimla ta biyu. Ta daɗe tana jira.