Arlen Brekke da Zarton da Ba Nasa Ba

Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba, jim kaɗan bayan abincin rana, Allah ya karɓi ran Arlen Brekke, shugabanmu a aikin kafa gidajen katako a nan garin Wenatchee. Ya cika a cikin motar asibiti, ba a kai ga likita ba. Zarton lantarki na hannu ne ya datse masa babbar jijiyar cinya. Zarton kuma ba nasa ba ne, na Duane Stoltz ne, ƙanin matarsa Glenda. Kowa a garin nan ya sani, don haka ba zan tsaya kewaye-kewaye ba.

Arlen, daga ranar har zuwa jana'izarka abu ɗaya ne ya tsaya mana a rai. Shin Duane zai shiga cikin mutum shidan da za su ɗauki akwatin gawarka, ko kuwa Glenda za ta rasa miji da ƙane a tashi ɗaya?

Ni Hector Lujan, na yi aiki a gefenka tun gashin kanmu yana baƙi. A iya sanina, ban taɓa ganin mutumin da ya girmama zarto kamarka ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Kullum da safe, kafin kowa ya taɓa katako, sai ka ajiye kofin kofinka a bayan mota ka bi zartunanmu ɗaya bayan ɗaya. Ka zare wayar daga wuta tukuna. Ka ja murfin da ke rufe faifan haƙoran zarton zuwa sama, ka sake shi, ka kasa kunne ka ji ya koma da ƙarfi, ƙwas. In ya koma da kasala, sai ka busa garin katakon da ya toshe shi, ka sake gwadawa. Sannan ka ɗora zarton a bakin katako ka saita zurfinsa, yadda haƙoran za su leƙo ƙasa ɗan kaɗan, ka ɗaure mariƙin tam. In ka tarar da wani ya saki faifai zololo a ƙasa, sai ka dube shi ka ce, "Malam, katako za ka yanka ko rijiya za ka haƙa?"

Ba ka yarda mutum ya tsaya daidai bayan faifai. Ba ka yarda a yanka katakon da aka tallafe bakinsa biyu, don tsakiyar za ta lotsa ta matse faifan, zarton ya yi tsalle ya dawo kan mai shi. Mun sha yi maka tsiya a kan haka. Mukan ce ga fasto ya iso, a tashi a ji wa'azi. Kai kuwa ko a jikinka. Sai ka ce, "Ku yi ta dariya, tsofaffin banza. Ni dai da yatsu goma na ɗauke ku, da goma zan mayar da ku ga matanku."

Alherinka ba a baki ya tsaya ba. Lokacin da mahaifiyata ta koma keken guragu, ban gaya maka ba, daga bakin matata ka ji. Ranar Asabar sai ga ka a ƙofar gidan da katakai cike da mota, ka kafa mata gangara daga baranda zuwa tsakar gida. Ta tsare ka sai ka ci abinci, ta zuba maka barkonon da ya sa ka hawaye, ka cinye tas kana yi mata godiya. Har ta rasu tana tambayata ina jan mutumin nan mai kuka.

Duane ma kai ka riƙe shi. Lokacin da giya ta so ta gama da shi, aurensa ya mutu, babu mai ɗaukarsa aiki, kai ka ajiye shi a ɗakin bayan gidanku, ka sa masa zarto a hannu. Kuma gaskiya ita ce ya ƙware. A yankan katakan rufi babu kamarsa a cikinmu.

Sai dai akwai wata mummunar ɗabi'a a sana'ar nan tamu, wadda duk kafinta ya sani kuma ba mai son faɗa a gaban mutane. In ana yankan karkace, murfin yakan maƙale a bakin katako ya ɓata layi. To maimakon mutum ya ɗaga shi da ɗan yatsa ta mariƙinsa ya fara yankan sannan ya saki, sai ya ja shi sama ya soka ƙusa ya tokare shi. Faifai ya zauna tsirara. Aiki yakan yi sauri, ban musa ba. Amma in ka saki kunamar da ke kunna zarton, faifan ba ya tsayawa nan take, yana ci gaba da juyawa, kuma babu abin da ke tsakaninsa da naman mutum.

Ka sha zare ƙusar nan daga zarton Duane. Wata rana na ji ka da kunnena kana cewa, "Ƙanena, in na sake ganin wannan, wallahi gida za ka tafi, ka je ka yi wa yayarka bayani." Ya yi dariya ya ce, "Haba yaya Arlen, ni da zarton nan mun san juna." Ka ce, "Ku kun san juna. Wanda zai ɗauka bayanka fa?" Ka kore shi sau ɗaya, Glenda ta roƙa, ka dawo da shi.

Ranar Talatar nan ka duba zartonsa da safe, lafiya lau. Bayan mun ci abinci ne ya koma yankan rufi, ya tokare murfin, ya ajiye zarton a kan daɓen bene ya sauka ɗauko katako. Kai kana durƙushe kusa da wurin, kana so ka rage bakin katako guda, naka zarton yana can ƙasa. Ka miƙa hannu ka ɗauki nasa. Ka yanka, ka saki kunama, ka sauke shi gefen cinyarka kamar yadda ka saba yi duk rayuwarka, don hannunka ya san murfi yana rufewa da kansa. Wanda ya saba da zarto tsirara ba zai yi haka ba.

Ina kan tsani na ji ƙarar ta canza. Da na iso, jini ya riga ya malale daɓen. Na zare bel ɗina na ɗaure saman cinyar, na ja da iya ƙarfina, jinin bai saurara ba. Duane ya hawo a guje, ya ga zarton, ya ga ƙusar, ya tsaya ƙiƙam. Na daka masa tsawa ya danna wurin da hannu biyu, ya durƙusa ya danna. Fuskarka ta yi fari fat. Ka dube shi, ba da fushi ba, ka ce a hankali, "Duane, zare ƙusar nan kafin wani ya ɗauka." Ban sake jin muryarka ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi nauyi. Maƙwabta suna ta kai wa Glenda kwanukan abinci, ba ta taɓa ko ɗaya ba, kuma ba ta ambaci sunan ƙaninta ba. Duane ya kulle kansa, ba ya ɗaga waya. Da faston cocinku ya tambayi sunayen masu ɗaukar akwati, Glenda ta ba shi biyar kawai. Ni dai na faɗa wa abokan aiki a fili cewa in Duane ya taɓa akwatin nan, ni zan saki. Haka na ji a raina, kuma har yanzu in na rufe ido ƙusar nan nake gani.

Ranar jana'iza coci ya cika. Muna tsaye mu biyar a bakin ƙofa, gurbin na shida babu kowa. Motar Duane tana tsallaken titi, yana ciki, ya kifa kai a kan sitiyari. An gama addu'a, faston yana jira, mutane sun fara waige-waige. Sai Glenda ta miƙe. Ta bi ta tsakiyarmu ba ta dubi kowa ba, ta tsallaka titi da baƙaƙen kayanta, ta ƙwanƙwasa gilashin motar. Wurin ya yi tsit, har muna jin abin da take faɗa.

"Sauko, Duane."

"Yaya, ba zan iya ba."

"Ban tambaye ka ko za ka iya ba. Ban yafe maka ba tukuna, kada ka ɗauka na yafe. Amma miji zan binne yau, ba zan haɗa da kai ba. Sauko ka kama."

Ya sauko. Gurbin da ya rage a bayana yake. Ta dube ni ido cikin ido, don maganata ta kai kunnenta, ta ce, "Hector, ka riƙe da kyau." Ban saki ba, Arlen. Tun daga ƙofar coci har bakin kabari ina jin numfashinsa a ƙeyata, yana kuka ƙasa-ƙasa, kuma gefensa na akwatin bai karkata ba.

Allah ya ji ƙanka, Arlen Brekke. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta, ya saka maka da alheri a kan kowane hannu da kowace ƙafa da faɗanka na safe ya tsare. Ina miƙa ta'aziyyata ga Glenda, da 'ya'yanku Renee da Colton, da jikokinka, da dukan waɗanda suka ci abinci ta dalilinka. Allah ya ba su haƙuri da juriya.

Saura mutum ɗaya. Na daɗe zaune kafin hannuna ya yarda ya rubuta, amma shi ma rashi ya yi, wataƙila ma ya fi mu duka. Duane, ina yi maka ta'aziyyar yayanka. Allah ya ba ka ƙarfin ɗaukar abin da ka ɗauka.