Baba Issoufou da Hotunan Garin Ruwa

Baba Issoufou mutumin Tawa ne. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, 'yan ayarinsu suka koma gida, shi ya zauna. Ya samu wani ɗan shago a unguwar Jarwal yana yanka gilashi, yana sa wa alhazai hoton Ka'aba da ayoyi a firam. Ni tela ne, shagona na jikin nasa, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Da hoto yake cin abinci fa, amma ka ɗaga kyamara kusa da shi, sai ya juya maka ƙeya. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, matarsa Khairiyya ma haka. Ya sa a ransa cewa duk wanda fuskarsa ta hau takarda, wata rana jami'an jawazat, wato na shige da fice, za su zo nemansa da ita a hannu. Har doka ya kafa wa matar: ko a gidan biki, kada ta yarda a ɗauke ta. Allah bai ba su haihuwa ba.

Firam ɗin da ake kawo masa a kwali yakan zo da hoton samfur a ciki, tsofaffin hotunan biranen Holan masu launin ƙasa-ƙasa. Kowa yagewa yake yi, shi kuwa tarawa yake. Dogayen gidaje tsukakku a jere bakin ruwa, ga gada, ga kwalekwale a ɗaure, ba mutum ko ɗaya. Mutumin da ya tsufa tsakanin duwatsu, ruwan wankansa ma a jarka, sai ya zauna yana ta kallon garin da titinsa ruwa ne.

"Alhaji, ka taɓa zuwa ne?" nakan tsokane shi.

"Muttaka, kai ba ka gane komi. Dubi yadda ruwan ga ya kwanta."

Wani alhaji ɗan Indonesiya ne ya gaya masa cewa garin cike yake da jama'a lokacin da aka ɗauka. Kyamarar zamanin ce mai jinkiri, duk mai tafiya ba ya fitowa. Baba ya ce, "Ashe suna nan."

Khairiyya ta rasu, ba a jima ba rusau ya kai gidansu a unguwar Nakkasa. Ya koma wani ɗaki a Ka'akiyya, daga shi sai kwalin hotunansa. Na je duba shi na tarar ya baza hotunan a tabarma. Bai ko ɗago ba ya ce, "Fuskarta ta soma ɓace mani. Ina rufe ido, ba ta zuwa."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Muka shiga bin tsofaffin maƙwabta da rusau ya warwatsa, ko wani na da hotonta. Daga ƙarshe Hafsa, 'yar wani maƙwabcinsu, ta ce tana da wanda aka ɗauka ranar bikin ita Hafsar a waya. Ta jawo gefen hoton ya girma don kada mu ga sauran matan, ta miƙa masa.

"Ga shi, ya ammi. Wallah Khala Khairiyya ce wannan."

Matar ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Yatsu kawai ake gani, riƙe da bakin mayafin.

Ya daɗe yana kallo. Hafsa ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu.

"Ni na ce ta yi haka, ɗiyata. Ba ta taɓa saɓa mani ba." Sannan ya juyo wajena. "Muttaka, a wanke mani wurin ga, babba. Na san hannun nan."