Faifan Tanko Ja

Tanko direban kamiyo ne, babbar motar kaya, mutumin Madarounfa, maƙwabcina. Ya yi shekaru yana jigilar gyaɗa, da aka yi fari ya kashe gyaɗar sai ya koma ɗaukar wake zuwa Katsina. Ba shi da surutu, ba shi da abin nunawa, sai abu guda: faifan garmaho na mawaƙan Jamaika da ya sayo a Kano a 1977.

Garmaho ɗaya ne a garinmu, na mushen lakwal, wato malamin makaranta. Aka ɗora faifan, muka taru. Kiɗa mai nauyi, har cikin ƙirji nake jin sa. Amma mutanenmu kalma ɗaya kunnensu ya kama, sunan da mawaƙan ke kiran Ubangiji da shi.

"Wai mi suka ja haka?" in ji Haruna, yayan Tanko. "Ja, ja, sai ka ce jakin amalanke ya kahe!"

Aka bushe da dariya. Daga ranar ya zama Tanko Ja. Na ji haushi ƙwarai, don ko waƙa guda ba su bari ta kai ƙarshe ba.

Aka yi wa mushe canjin wurin aiki, ya tafi da garmahonsa. Shekara biyu faifan na rataye a ɗakin Tanko, cikin tsumma, ba abin da Tanko yake so sai ya ji shi daga farko har ƙarshe.

Ranar da ya samo garmaho mai pil, wato batir, a Ɗan Issa, ranar ake suna a gidansu. Faya-fayen rufe ƙwarya suka ƙare wa mata, Haruna ya ce ai akwai faifai a ɗakin Tanko. Gwaggo Ɗelu ta ɗauko, ta kifa shi kan tuwo mai tururi. Tanko ya tarar da shi ya lanƙwashe kamar malfa.

"Hwaihwai dai hwaihwai na, ɗana," ta ce. "Wannan ma ba shi da kirki."

Tanko ya ɗauke faifan. Ya goge tuwon, ya ɗora allura. Ta yi tsalle, ta maƙale wuri ɗaya: ja, ja, ja.

"Ban hwaɗa muku ba?" in ji Haruna. "Shi ke nan abin da ke ciki."

Har yau faifan na nan gidan, da shi suke rufe randa.