Motar Yaya Ba Ta Son Gaggawa

Ƙonni

Da asubar Talata na fito da niyyar azahar ta same ni a Tajaye. Yayana Isuhu ne ke kwance a can tun kaka, ya aiko yana son ganina, ni da ƙanwarmu Rabi da ke aure a Malbaza. Wanda ya kawo saƙon bai ɓoye mini ba, ya ce jikin ya yi nisa.

Motar da zan ɗauka tasa ce, tsohuwa, ya bar ta a ƙofar gidana da ciwo ya mai da shi gida. Na iya tuƙi, amma ban taɓa tada ta da safe ba. Shi Yaya in ya shiga, sai ya murɗa makulli rabi, ya karanta addu'ar tafiya har ƙarshe, ya kashe, ya sake, har sau uku, sannan ya tada. Mukan yi masa tsiya mu ce, "Yaya, tafiya za a yi ko wa'azi?" Ba ya ko kallonmu.

Ni da na shiga, murɗawa kawai na yi. Ta yi tari ta yi shiru. Na yi ta fama, masu fitowa daga masallaci suka tura ni har bakin titi, ba ta kama ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

A shingen Tsarnawa jandarma ya karɓi takardu ya ce in kashe mota. Na ce, "Ranka shi daɗe, in na kashe ta, nan za ka ba ni tabarma." Ya yi dariya ya ɗaga mini hannu.

Malbaza

Kafin in je gidan Rabi na biya garaji. Bakaniken ya saurari bayanina ya ce buji ne. Babu irin nata a garin, sai da aka aika Ƙonni, ba su iso ba sai bayan la'asar. Ya sa su, ta tashi bugu ɗaya, na ji daɗi. Ban lura cewa wuni aka yi ana tada ta ba, ba ta samu ta huce ba.

Rabi na tsaye da ƙullin kayanta. "Mu tahi yanzu, Yaya Sani," in ji ta. "Gabana faɗuwa yakai." Na ce fitilun motar ba su da ƙarfi, kuma in an bar kwalta hanyar ba ta biyuwa da duhu, mu bari sai asuba. Ta kawo tuwon gero da miyar kuka, kowa ya taɓa ya ture.

Asubar Laraba motar ta koma halinta. Na yi ta taka totur kamar yadda muke yi wa motocin da, masu karbireta. Mijin Rabi, Malam Habu, ya kawo garwashi a kasko ya tura ƙarƙashin inji, wai haka direbobin manyan motoci ke yi lokacin ɗari. Batir ya mutu a hannuna. Muna cikin haka wayar Rabi ta yi ƙara. Ta saurara, ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban tambaye ta ba.

Yanzu jana'iza muke nema mu riska. Maƙwabcinsu Ɗantani, direban taksin ƙauye, ya kawo batirinsa ya haɗa. Na kai hannu ga makulli ya riƙe ni. Ya murɗa makulli rabi ya ce, "Saurara." Na ji wani ɗan zuuu daga baya, wajen tanki.

"Pampon mai ke nan," ya ce. "Wagga ba ta da karbireta, taka totur banza na. Ta tsuhwa, in ta kwana man na sulalewa shi koma tanki. Ka ba pampo lokaci shi turo shi, ka kashe, ka sake, sau ukku."

Aka yi haka, ta tashi bugu ɗaya. Na zauna riƙe da sitiyari, ina tuna addu'ar Yaya.

Tajaye

Mun bi ta Gidan Idar, muka bar kwalta. A bakin gari muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, wasu da fartanya a kafaɗa. Baffanmu ya riƙe hannuna ya ce, "Mun jira ku har rana tat take. Jiya da magariba ya tambaya ko an ji ƙugin motatai." Da magaribar nan ina Malbaza ina murna da sababbin buji. Wannan magana ta ci ni, har yau tana ci na.

Komawa

Bayan addu'ar uku na sauke Rabi a Malbaza, na iso Ƙonni lafiya. Ina gode wa Allah, ina gode wa Malam Habu da Ɗantani da mutanen Tajaye da suka yi wa Yaya sutura ba mu nan.

An ce in canja pampon, har yanzu ban canja ba. Kowace safiya nakan murɗa makulli rabi, in karanta addu'ar har ƙarshe, in kashe, in sake. A karo na uku nakan sa sunan Isuhu a ciki.