Ƙwaryar Dusar Dada

Kakarmu Dada ba ta yi mana tatsuniyar namun daji. Mutum ɗaya ne gwarzonta, wani tsoho mai binciken sata da ta ƙirƙiro da bakinta, ta sa masa suna Ilu Mai Sawu. A gidanmu na Ƙofar Ran, da an idar da sallar magariba sai ta ɗora tandar masa a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye wutar muna jiran wadda za ta fashe, don fasasshiyar masa rabonmu ce. Tana zuba ƙullu sai ta ce, "To, an yi sata a garin su Ilu." Mu kuwa mu haɗa baki, "Me aka sace?" Haka muka taso, yau akuya, gobe tukunya, jibi takalmin liman.

Ƙanena Sagir shi ya fi kowa naci. Yakan matsa jikin murhu har sai Dada ta ture shi da gwiwa ta ce, "Maigida, ja baya, kada in soya ka da masa." Da ya girma ya zama marubuci, ya ɗauki Ilu ya sa shi a littafi, littafi ya haifi littafi, shekara da shekaru. Ya ba Ilu babur, na ƙyale. Ya ba shi waya, na yi dariya. Amma abin da ya yi a na baya-bayan nan, wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sai na fara ba ku labarin Dada kafin ku gane dalilin fushina.

Wata rana ɗan kunnenta na zinariya, wanda ta zo da shi daga aikin Hajji, ya ɓace. Ta cire ta ajiye a kan taga za ta yi wanka, ta fito babu ɗaya. Babanmu mutum ne mai zafin hannu. Ya ɗauko bulala ya rataye a ƙofar zaure, ya rantse duk yaron da aka samu da shi sai ya kasa zama, kuma sai ya kai shi gaban 'yan ajinsu ya faɗa musu ɓarawo ne. Dada ta ce ya bari a ci abinci tukuna.

Da magariba ta ɗora tanda kamar ba abin da ya faru. "To, an yi sata a garin su Ilu." Muka ce, "Me aka sace?"

Zoben mai jego ne, in ji ta, ya ɓace ranar suna, gida cike da mata. Aka kira Ilu. Bai tambayi kowa komai ba, sai ya ce ƙishi yake ji, kowace mace ta kawo masa ruwa. Kowa ta miƙo da hannu biyu, ban da ɗaya, wadda ta miƙo da hannu guda, ɗayan na dafe da ƙullin zanenta. Ilu ya sha, ya yi godiya. Ya sa aka cika ƙwarya da dusa aka kai ɗaki, ya ce kowa ta shiga ita kaɗai da hannu a dunƙule, ta cusa cikin dusar, ta buɗe, ta fito. Da aka gama aka tankaɗe, sai ga zobe. Mai unguwa ya ce, "To ina ɓarauniyar?" A nan Dada ta tsaya ta juya masar da ke cikin tanda, ta bar mu muna haɗiyar yawu, sannan ta yi muryar Ilu: "Ranka ya daɗe, ta shiga ɗakin nan, ba ta fito ba. Duk waɗanda suka fito matan kirki ne."

Tana rufe baki ta aike ni in ɗebo dusar awaki a ƙwarya. Muka shiga ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, har ita kanta, har Baba, don ta ce in babba bai shiga ba an riga an nuna yara da yatsa. Aka zazzage dusa a faifai, ɗan kunne ya faɗo. Baba ya ce sai an gaya masa waye. Dada ta ce, "Ɗan kunne nawa ne ko naka? Sauke bulalar nan, kana tare mini hanya."

Ni na san waye. Tun da rana na ga Sagir a bayan rumbu yana juya abin a tafin hannunsa. Dada ma ta sani, don a daren nan ba fasasshiya ta ba shi ba, lafiyayyar masa ta ɗauko ta sa masa a hannu. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba.

To a sabon littafin nan, yarinya 'yar aiki ce ta ɗauki sarƙar uwar ɗakinta. Ilu ya gano ta, ya ja ta da mayafi har tsakiyar kasuwa, ya rataya mata sarƙar a wuya, ya kira sunanta da na ubanta, jama'a na ɗaukar hoto. Ilun Dada! Na karanta shafin sau biyu, ina zaton idona ne.

Akwai zauren masu karatu a waya inda ake tafka muhawara kan littattafan, na leƙa ina sa ran in tarar ana zaginsa. Ina! Wani ya rubuta, "Yanzu ne Ilu ya zama namiji, da can kamar mai wa'azi." Wata ta ce ita dama ta gaji da ƙwaryar dusa, wane ɗan sanda ne ke yawo da abincin awaki. Wani kuma, ko kunyar Allah babu, ya ce a littafi na gaba a sa wa ɓarawo taya. Mutane suka yi ta jera masa hoton tafi. Waɗannan fa iyaye ne, wasu da yara 'yan aiki a gidajensu. Na rubuta cewa wannan ba Ilu ba ne, Ilu kaya yake nema, ba ya farautar mutum. Wani yaro da bai kai ɗan cikina ba ya amsa, "Hajiya, je ki huta, zamanin tatsuniya ya wuce." A ƙarƙashin maganarsa Sagir ya sa hoton dariya.

Na kira shi. Ya ce, "Haba Yaya, labari ne fa. Abin da masu karatu ke so ke nan. Sun ce na baya sun yi sanyi."

Na ce, "Da masu kallo aka tambaya ranar nan, da me za su ce a yi?"

Ya ce, "Wace rana?"

Na kashe wayar. Na zauna na rubuta komai a zauren, ɗan kunne, bayan rumbu, bulalar Baba, da sunan Sagir na yanka, ba wanda yake rubutu da shi ba. Na so waɗanda ke masa tafi su san wanda suke wa. Yatsana na kan wurin turawa, sai na ga abin da nake shirin yi: in ja ƙanena da riga zuwa tsakiyar kasuwa. Da ina yarinya na ɗauka wayon Ilu shi ne gano ɓarawo. Sai a ranar na gane ganowa ba ta da wuya, ni ma ai na gano. Abu mai wuya shi ne ka sani, ranka na tafasa, ka kuma bar wa mutum ƙofar da zai fito da mutuncinsa. Na goge rubutun, amma fushin bai gogu ba.

Washegari na roƙi maƙwabciyata dusa, na cika ƙwarya, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Miri inda Sagir yake zaune. Na same shi a falo da waya a hannu, yana karanta yabon masu karatu yana murmushi. Na dire ƙwaryar a gabansa. Ya dube ta, ya dube ni, murmushin ya bar fuskarsa.

"Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ashe kin gani?"

"Ban ga komai ba," na ce. "Amma akwai wani abin Dada a hannunka, kuma wannan ya fi ɗan kunne. Zan fita waje."

Na fita na ja masa ƙofa, na tsaya a tsakar gida ina jiran in ga wanda zai fito.