Makubar Ɗakin Inna

Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, na kai wa Inna siminti Dauran don a shafe ɗakinta. Ta ce, "Ɗiyata, siminti ba ya zama a ginin ƙasa, ɓamɓarewa yake yi."

Ta sa aka daka ɓawon ɗorawa, aka jiƙa a randa har ruwan ya yi ja. Shi ne makuba. Tsohon maginin unguwarmu ya kwaɓa ta da ƙasa da kashin shanu, ya yaɓe bangon da hannu. Warin ya kwana uku.

Duk bayan damina uku yakan sabunta yaɓen. Da ya rasu, ƙanena ya gwada, amma ruwan fari ya wanke rabinsa.